Shawara ga ƙannena masu shirin shiga jami'ar Katolika

Duk shekara idan sakamakon BAC, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, iyaye da dama a Yamai sukan fara shawarar tura ƴaƴansu jami'o'in Katolika na ƙasashen yankinmu, musamman Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma (UCAO), wadda manyan limaman cocin Afirka ta Yamma suka kafa a shekarar 2000, take kuma da rassa a Abijan, Bobo, Kwatano, Lome da Bamako. Mutanen Yamai ba baƙin makarantun mishan ba ne, domin Kwalejin Mariama ta daɗe tana yaye ƴaƴan Musulmi, amma zaman jami'a daban yake, saboda yaro yana nesa da gida kuma shi ke yanke wa kansa shawara. Na yi karatun tattalin arziki a wata jami'ar Katolika alhali ni ba Kirista ba ne, kuma a wancan lokaci ko addinin da na tashi a cikinsa bai sha mini kai ba.

Ƙannena, ku sani tun farko cewa babu wanda zai tilasta muku shiga addininsu. Takardar da Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika, mai suna Ex Corde Ecclesiae, ta ce wanda ba ɗan Katolika ba ya mutunta aƙidar makarantar, ita kuma makarantar ta mutunta ƴancinsa na addini. Za ku ga gicciye a rataye bisa allo, za a gayyace ku addu'ar buɗe shekara, wani malamin ma limamin coci ne mai farar riga har ƙasa, amma takardar jarrabawarku ba ta tambayar imaninku.

Ni ban fahimci haka ba, shi ya sa na ɗauki darasin ɗa'a da falsafa a matsayin wa'azin da aka sake wa suna, na riƙa ƙaurace masa ina zama a shagon mai shayi na bakin ƙofa. Takardar sa hannu tana zagaya aji babu sunana, har ƙarshen zango ya zo aka shaida mini cewa makin wannan darasi yana cikin lissafi daidai da sauran, dole na zauna zagaye na biyu na jarrabawa lokacin da abokaina suka tafi hutu, mahaifina kuma ya ƙara biyan kuɗin ɗaki. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da na tarar da na buɗe littafin darasin ala tilas. A ciki na ga cewa Toma Akwinas, babban malaminsu da ya rasu a 1274, yana kawo maganganun masana falsafa Musulmi, Ibn Sina da Ibn Rushd, yana muhawara da su, yana karɓar wasu yana ƙin wasu, a ciki kuma na karanta wasiƙar Paparoma Leo na 13 ta 1891 kan haƙƙin ma'aikaci da albashin adalci, batun da ya shafi fannina kai tsaye. Ana tattauna waɗannan a aji, ana ba kowa dama ya yi musu da hujja, ni kuwa ina waje ina zaton kare kaina nake yi.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin rijista, ku nemi kundin dokokin makarantar ku karanta shi har ƙarshe, ku tambayi waɗanne darussa ne wajibi, ku kuma tabbatar CAMES, hukumar da ke tantance digirin jami'o'in ƙasashen Afirka mambobinta, ta amince da digirin fannin da kuka zaɓa. Mai sallah ya tambayi yadda jadawalin ranar Juma'a yake da inda ɗalibai Musulmi ke yin sallah, kada ya yi shiru sai azumi ya kama a tsakiyar jarrabawa sannan ya fara ƙorafi. Idan abokin aji ya gayyace ku coci, ku yi masa godiya, ku faɗi matsayinku sau ɗaya cikin ladabi, ko za ku je ku zauna a baya a matsayin baƙi ko ba za ku je ba. Idan kun je, kada ku shiga layin karɓar gurasar tarayya, domin su kansu sun keɓe ta ga ƴan cocinsu.