Ranar da Tabarma Ta Kunyata Ni

Aikina gashin ƙashi ne a asibiti, da yamma kuma ina koyar da mata Pilates, wani salon motsa jiki da ake yi a kan tabarma ko a kan na'ura, a wani gidan motsa jiki a Abuja. Lokacin da na shiga kwas ɗin koyarwar, na je ne da ɗagawar wadda ta haddace sunan kowace tsoka a jikin ɗan Adam. A ganina tabarma ta 'yan koyo ce, na'ura kuma ta gwanaye. Idona na kan Reformer, gadon nan mai allo da ke zamewa gaba da baya a kan 'yan tayoyi, da sifirin a ƙarƙashinsa, da igiya biyu, da sandar ɗora ƙafa.

Mako biyu na yi a kansa ina jin babu ya ni. Ran nan malamarmu ta ce kowa ta sauko ƙasa. Ta sa na kwanta rigingine, ƙafafu a miƙe, ta ce in taso zaune a hankali, ƙashin baya gaɓa bayan gaɓa, kada dugadugaina su bar tabarma. Ina kaiwa rabi na maƙale. Ƙafafu suka yi sama, wuya ya sage, sai da na fizgo kaina da ƙarfin tsiya. Ta ce, "Sake." Sau huɗu ina sakewa, sau huɗu ina fizga, sauran ɗalibai kowa ta kau da kai don kada mu haɗa ido. Ashe duk kwanakin nan igiya da sifirin ne suke rufa mini asiri. A ƙasa kuwa daga ke sai nauyin jikinki.

Da na waiwayi tarihin abin, sai na ga ai mai shi ma bai raina tabarma ba. Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a Mönchengladbach a 1883. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi a Ingila, aka tsare shi da sauran Jamusawa a sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man, can ya riƙa koya wa abokan zamansa motsa jiki. A 1926 ya koma New York, shi da abokiyar rayuwarsa Clara suka buɗe wurin horo, masu rawa da suka ji ciwo suka riƙa tururuwa. Shi ya ƙera na'urorin, amma littafin da ya fitar a 1945 atisaye 34 ne a ciki, kuma dukkansu a ƙasa ake yi, mutum shi kaɗai a ɗakinsa.

To, kun san halin sabon tuba. Daga raina tabarma sai na koma ba na ganin komai sai ita. A haka aka kawo mini wata Hajiya, ta haura sittin, gwiwoyinta sun matsa mata. Na shimfiɗa mata tabarma da fara'ata, na ce, "Bismillah Hajiya, a kwanta." Ta dubi tabarmar, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, da ina iya sauka ƙasa, da na shekara biyu ina sallah a kan kujera?"

Kunya ta rufe ni. Ni da nake wuni da masu ciwon gwiwa a asibiti, ban ko tambaye ta ba. Na riƙe hannunta muka koma wajen Reformer, wanda tsayinsa bai wuce na ƙaramin gado ba. Ta zauna, ta kishingiɗa, ta ɗora tafin ƙafa a kan sandar. Idan ta tura, allon ya ja baya gwiwa ta miƙe, idan ta sassauta ya dawo. Tsugunno ne da miƙewa, sai dai a kwance, kuma ni ke zaɓar nauyin da gwiwar za ta ɗauka ta yawan sifirin da na maƙala.

A wajenta na gane cewa na'urar tana da baki. Ranar farko duk dawowar allon sai ka ji gwaf, ya bugi ƙarshen gadon, domin turawa ta iya, riƙe dawowar ne babu. Ƙugunta kuma yana karkata dama, alamar ƙafar hagu tana zame wa aikin. Ba sai na yi dogon bayani ba, na ce, "Hajiya, a dawo da shi kamar ana rufe ƙofar ɗakin da jariri ke barci." Bayan 'yan makonni ƙarar ta ɓace.

Wani abu da ke rikita sababbin zuwa shi ne zaton yawan sifirin ne wahala. Ba kullum ba. Ki tsaya ƙafa ɗaya a kan dakalin da ba ya motsi, ɗaya a kan allon, a bar miki sifirin guda mai laushi. Allon zai nemi gudu da ƙafarki, kuma babu mai dawo da shi sai naman cikin cinyarki. Na ga 'yan mata masu ɗaga ƙarfe suna karkarwa a nan.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ba na rashin sani ba ne. Ajin na'ura ya fi na tabarma tsada nesa ba kusa ba, kason malama ma ya fi kauri. Wata malamar makaranta ta zo daga Kubwa, wata biyar da haihuwa, bayanta na ciwo. Na san abin da take buƙata: numfashi, kama naman ƙasan ciki, ɗaga ƙugu a kwance, duk abubuwan da za ta yi a tsakar ɗakinta. Amma na rubuta ta ajin na'ura. Sau uku ta zo. Ga kuɗin mota, ga cunkoson hanya, ga goyo, sai ta ɗauke ƙafa, ni kuma ban neme ta ba.

Yanzu kafin in ce wa mace tabarma ko na'ura, sai na sa ta sauka ƙasa ta tashi ina kallo, na tambayi inda take zaune da wanda zai riƙe mata yara. Mai raunin ƙashi kuwa ba na sa ta wannan tasowar da ta kunyata ni, domin lanƙwasa baya sosai hatsari ne gare ta.

Malamar makarantar nan ta Kubwa mun haɗu a gidan suna bayan kusan shekara. Muka gaisa, na tambayi bayan. Ta ce, "Yana nan, Anti. Ai ba ki ba ni abin da zan yi a gida ba." Ban da ta cewa. Na ja ta ɗakin mai jego, muka ture kwanukan tuwo gefe, ta cire gwaggwaro ta kwanta a kan kafet. Na durƙusa da leshina, na ɗora hannu a ƙasan cibiyarta, na ce ta ja numfashi.