Juma'a, da farar shadda a fuskar allo

Yau saura ƙiris in take kurar wani ɗan garuwa bayan an idar da sallar Juma'a. Na sa ribas, na kai ido kan allon mota don in ga abin da kyamarar baya ke nunawa, sai na ga kaina: farar shaddata, hulata, har aljihun gaba. Rana ta shigo ta gilashin gefe ta bugi rigar, allon kuwa ya koma madubi. Ihun mutane ne ya sa na taka birki. Jarka ɗaya ta faɗi, ba ta fashe ba. Na fito na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Alhaji, amma gabana bai daina faɗuwa ba har na iso gida.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 nake tarin kuɗin motar lantarki, sai bana Allah ya nufa na sayi BYD Atto 3. Ina cajinta da solar gida, ban ƙara bin layin gidan mai ba. Sai dai a irin waɗannan motoci kusan komai a allo yake: taswira, sanyi, kyamara, lissafin batir. Nawa inci 12.8 ne, yana juyawa a tsaye ko a kwance. Idan ranar Kano ta rufe shi, an rufe maka ido ɗaya ke nan.

Bayan la'asar na tafi kasuwar waya ta Farm Centre wajen yaron da ke liƙa mini sikirin gad, wato gilashin kare fuskar waya, don in samo wa allon motar wanda zai rage ƙyallin rana. Ya fara miƙo wani kwali, wai na mota ne. Na duba, na Tesla Model 3 ne, inci 15. Na ce, ɗan samari, wannan hular ta fi kan. Ya yi dariya, ya jawo kujera.

Iri biyu ya nuna mini a kan kwamfutocin hannu. Akwai garai-garai mai sheƙi, akwai kuma mai dishi-dishi da suke kira mat. A cikin shago mai sheƙin ya fi kyau nesa ba kusa ba, launi tar. Na ce mu fita waje, ai ba a ƙarƙashin fitilar shago nake tuƙi ba. Muka tsaya a rana. Mai sheƙin ya dawo mini da fuskata da rumfar maƙwabci. Mat ɗin kuwa hasken ya baje a kansa kamar hazo, rubutun ƙasa yana karantuwa. Dalili shi ne an karce fuskar gilashin da ƙananan gargada da ido ba ya gani, haske in ya sauka sai ya watse ta ko'ina maimakon ya dawo maka a dunƙule. Amma wannan gargadar tana taɓa hasken allon shi ma: baƙi ya ɗan koma toka-toka, gefen haruffa ya rage kaifi, farin wuri kuma kamar an barbaɗa masa gari. Na daɗe ina jujjuya su. Na tuna cewa ba kallon fim na sayi motar ba.

Yaron ya dage a kan 9H da ke jikin kwali, wai ko wuƙa ba ta karce shi. Wannan lambar ta gwajin fensir ce, fensir mafi tauri bai yi masa zane ba, shi ke nan. Yashi ya fi gilashi tauri, ƙurar hunturu kuwa cike take da shi. Wanda ya goge allo da busasshen tsumma a watan Janairu shi ya san sauran. Gara karcen ya sauka a kan abin da zan ɓamɓare in sake.

Ya ce yana da na leda da inji ke yankawa daidai awo, a liƙa mini yanzu. Ban yarda ba. Motar da aka rufe a rana zafin cikinta yana haura digiri 60, na kuma ga yadda leda ke tattarewa a gefe a wayar ƙanina. Na zaɓi gilashi mat, kaurin milimita 0.3, wanda ba ya hana yatsa aiki, mai rufin da ke rage shatin maiƙo. Wannan na ƙarshe don Auta ne, da take danna taswira da hannun awara. Babu na motata a ƙasa, sai an yi oda daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Ya ce sati biyu, na san uku yake nufi. Na sa ya auna allon da tef a gabana, na ba da rabin kuɗi. Muka yi da shi ranar liƙawa za mu shiga gareji, a kashe fanka, a rufe tagogi, don ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar kumfa a tsakiya.

Da daddare na ba uwargida labari. Ta ce kafin gilashin ya iso in riƙa sa shuɗiyar shadda, in kuma waiwaya da wuyana kamar yadda nake yi a tsohuwar mota. Ta riga ta ciro shuɗiyar ta ajiye a kan kujera.