Neman Tsohuwar Fitilar Jirgin Yaƙi a Portsmouth

Ƙarfe takwas na safe muka hau jirgin ƙasa a tashar Waterloo ta Landan, ni da ƙanena Sadiƙu da ke karatu a can. Bai cika awa biyu ba muka sauka a Portsmouth. Tashar kanta a kan ruwa aka gina ta, kana fitowa iskar gishiri ta doki fuskarka, idonka kuma ya sauka a kan wani dogon baƙin jirgi mai dogayen sanduna uku. Sadiƙu ya ce, "Yaya, ga Warrior ɗin naka nan." Ban amsa ba, don na riga na fara duban gefen jirgin ina neman inda ake rataya fitilu.

Tun ina yaro nake son fitila. Ni ne mai wanke ƙwan fitila a gidanmu kowace yamma, in datse lagwani, in zuba kananzir. Daga baya na fara tara tsofaffin fitilu, har na ci karo da hoton wata ta jirgin ruwa, ta jan ƙarfe da tagulla, mai kaurin gilashi. Ita ce ta kawo ni wannan gari, inda sojan ruwan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙera jirage suna gyarawa.

Da Victory muka fara. An sa shi a ruwa a 1765, shi ne jirgin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya jagoranci yaƙin Trafalgar daga cikinsa a ranar 21 ga Oktoba 1805, a cikinsa kuma ya mutu. Tun 1922 yake zaune a busasshen ramin gyara, mun kuma tarar da wani ɓangarensa a lulluɓe ana aiki. Duk hawa ɗaya da ka sauka, rufin sai ya ƙara matsowa, hasken ya ƙara ja baya, har ka kai inda ba taga ko ɗaya, kana tafe a sunkuye. Mutum fiye da 800 ne suka zauna a nan, hasken da suke da shi kyandir ne a cikin fitila. Fitilun ma yawanci ba su da gilashi. Ƙahon saniya ake fasawa a dafa a danne shi ya yi faifai, a fere shi har haske ya iya ratsawa. Ƙaho ba ya tarwatsewa idan igwa ta tashi, ga shi da araha. Na daɗe a gaban wata ina kallon hasken nan rawaya mai dishi-dishi, ina tunanin likitan da ya yi ta yanke hannuwa da ƙafafu a ƙarƙashinsa ranar yaƙin.

Ɗakin albarushi ya fi komai tsaya mini a rai. Ba a shiga da wuta ko kaɗan. Wani ɗan ɗaki daban aka yi a gefe, a ajiye fitila a ciki, haskenta ya ratso ta gilashi mai kauri. Jirgin katako ne da aka shafe da kwalta, cike da igiya da albarushi, don haka wuta ta fi abokin gaba ban tsoro.

Abu ɗaya ne babu a Victory na zamanin Nelson: jar fitila da koriya. Akwai manyan fitilu a baya domin jiragen da ke biye su ga na gaba, amma dokar ja a hagu, kore a dama, fari a saman sanda, sai a 1848 hukumar sojan ruwan Ingila ta kafa ta, bayan jirage masu tafiya da tururi sun yawaita suna ta karo da juna cikin dare. Bayan shekara goma aka haɗa da jirage masu tafiya da iska. Saboda haka duk wanda ya nuna maka jar fitila ya ce daga Trafalgar ta fito, ƙarya yake yi, ko kuma shi ma an yi masa.

Warrior shi ne na zamanin dokar. An sa shi a ruwa a 1860, jikinsa ƙarfe, yana tafiya da tururi yana kuma tafiya da iska. Bai taɓa harba igwa a yaƙi ba. Ya yi shekara hamsin a Wales jiragen dakon mai suna ɗaure a jikinsa, kafin a gyara shi a dawo da shi Portsmouth a 1987. A kansa na gane dalilin da ya sa fitilar gefe take da bango a baya da ɓangare ɗaya. Ba a son haskenta ya watsu ko'ina. Daga gaba sosai zuwa ɗan bayan kafaɗar jirgi kawai take haskawa, digiri 112 da rabi, har allo ake kafa mata don kada hasken ya tsallaka ɗaya gefen. Matuƙin da ya hango kore kaɗai ya san gefen dama yake kallo. Idan ya ga ja da kore tare, to jirgin kansa ya nufo. Ina tsaye a wurin na tuna cewa jiragen tururin Ingila da suka yi wa Legas ruwan wuta a Disamban 1851 suna ƙarƙashin wannan doka. Kyan fitilar bai sa na manta aikin da jiragen suka je yi ba.

Bayan azahar muka shiga wani shagon tsofaffin kayan jirgi. Fitilu ne jere har rufi, wasu na ƙyalli kamar zinariya. Sadiƙu ya nufi masu ƙyallin, mai shagon, wani dattijo mai rawar hannu, ya girgiza kai ya ce waɗannan sababbi ne, a Indiya ake ƙera su domin ado, kuma bai ɓoye wa kowa. Ya miƙo mini ɗaya, ba nauyi, tagullar siririya, gilashin fenti aka shafa masa. Sannan ya sunkuya ya jawo wata daga ƙarƙashin teburi da hannu biyu.

Jikinta jan ƙarfe ne da ya yi duhu kamar dabino, marfi da mariƙi da sakata na tagulla. Ya ce ba don kyau aka zaɓi waɗannan ƙarafa ba: ruwan gishiri yana cinye baƙin ƙarfe da tsatsa, su kuwa sai dai su canza launi, kuma ba sa jan allurar kamfas. Ya buɗe ƙofar bayan ya zaro tankin mai da makunnin lagwani da faifan da ke mayar da haske gaba. Ƙamshin tsohon kananzir ya taso, irin na ɗakin kakata. Saman murfin a ciki duk baƙin hayaƙi ne, an kuma yi masa hanyoyin iska a karkace yadda guguwa ba za ta kashe wutar ba. Gilashin gaba tudu-tudu ne kamar matakala, irin wanda Bafaranshen nan Fresnel ya ƙirƙiro domin hasumiyoyin bakin teku, yana tattara ɗan hasken lagwani ya tura shi nesa.

"Wace ce wannan, ja ko koriya?" ya tambaye ni. Na duba gilashin launin da ke ciki na ce ai shuɗi ne. Ya yi murmushi ya kunna ashana a bayansa. Kore shar ya fito. Harshen wutar mai rawaya ne, sai an haɗa shi da shuɗin gilashi yake ba da kore. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace takarda ƙarfi a wurina, don mai ƙera ta ado da ƙwan lantarki a ransa ba ya kawo wannan a tunani.

Ya nuna mini sauran abin dubawa: allon sunan maƙeri, da yawa daga Birmingham, lambar da aka buga, da ɗan tambarin kan kibiya da gwamnatin Ingila ke sa wa kayanta. Ya ce tambarin ma ana yin jabunsa, kuma da wuya a iya tabbatar da cewa fitila kaza daga jirgi kaza ta fito sai da takarda. Abin da ya fi ɓata masa rai, ni ma haka, shi ne masu huda gindin fitila su zura waya, su jefar da tankin, su goge jikin har lambobin su shafe. Lotsewar da ke gefen wannan, da facin dalma a kusurwarta, hannun wani matuƙi ne ya bar su. In ka goge su, me ya rage?

Kuɗin da ya kira ya fi ƙarfina. Na ɗauki wata 'yar ƙarama ta tagulla, irin wadda ake soka wa a gefen akwatin kamfas don mai riƙe da sitiyari ya ga allura da dare. Ba ta da tambarin kibiya, dattijon kuma bai ce mini ta jirgin yaƙi ba ce. Lagwaninta na nan, ya bushe ya yi tauri.

Da magariba muka hau ƙaramin jirgin fito zuwa Gosport, garin da ke tsallaken ruwa, muka dawo, tafiyar 'yan mintoci. Wani babban jirgin fasinja yana fita daga mashigin, jar fitilarsa tana fuskantarmu, fara a sama. Sadiƙu ya ce, "Yaya, hagunsa muke gani ke nan?" Na ce haka ne. A jirgin ƙasa na komawa Landan na kwance takardar da aka naɗe fitilar, na murɗa makunnin a hankali, lagwanin ya ɗago.