Asabar a Konza: Na Gamu da Ɗan'uwan Tumfafiya

Yau bayan sallar asuba muka nufi dajin ciyawa na Konza, kudu da garin Manhattan na jihar Kansas, ni da wani abokin karatuna da ke nazarin tsirrai. Wurin yana cikin tuddan Flint Hills, inda duwatsu suka hana garma shiga ƙasa, shi ya sa ciyawar asali ta tsira a nan, alhali a sauran Amurka abin da ya rage na irin wannan daji bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

A kan wani tudu mai tsakuwa, inda ƙasa ta bushe ƙamas, na ga wani tsiro da bai wuce gwiwata ba, furanninsa ruwan goro, sun taru cunkus a ƙarshen kowane reshe. Na durƙusa na duba furen da kyau, sai na ga ƙirarsa ta yi mini kama da wani abin da na sani tun ina yaro: ɓangarori biyar, da wani ɗan rawani a tsakiya. Abokina ya ce sunansa na kimiyya Asclepias tuberosa, kuma dangin tumfafiya ne. Wallahi sai da na ji kewar gida.

Bambancinsu ya fi ɗaukar hankalina. Tumfafiya da ka karya ganyenta sai farin nono ya zubo, amma ruwan jikin wannan garai yake. Ban karya na gani ba, domin dokar wurin ta hana tsinkar tsirrai, kuma ina ganin dokar ta yi daidai. Ƙarfinsa yana cikin saiwa mai kauri da ke nutsewa can ƙasa, ita ce ke raya shi shekara da shekaru, ko an yi fari, ko an cinna wa dajin wuta kamar yadda masu kula da Konza suke yi da gangan. Mutanen asalin ƙasar sun daɗe suna amfani da saiwar wajen maganin ciwon ƙirji.

Kafin mu tashi wani malam-buɗe-littafi mai suna monak ya sauka a kan furen. Tsutsarsa ganyen wannan dangi kaɗai take ci, kuma zuriyarsa ce za ta yi ƙaura har duwatsun Meziko idan sanyi ya gabato.

Na yi niyyar komawa a watan Satumba, in Allah ya yarda, in ga kwanson ya fashe, iri yana tashi cikin iska da farin gashinsa.