Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Siminti Ba Ya Jin Turanci

Makon jiya mun tsaya a inda takardar ɗaukar aiki ta same ni a Anguwar Rogo, bayan na gama bautar ƙasa. Wani kamfani ne mai gina rukunin gidaje a Lugbe, kan hanyar filin jirgin Abuja, yake ɗibar waɗanda suka gama jami'a ya horar da su wata 18. Ranar tafiya Kawu ya raka ni tasha. Da ya miƙo mini jaka sai ya ce, "Ɗana, je ka da digirinka, amma ka sani siminti ba ya jin Turanci." Na ji haushi, don gani nake birkila ne kawai ke yi wa ɗan boko hassada. Allah ya jiƙan Kawu.

A sito ake fara ajiye ɗan horo, kuma duk wanda ya raina sito ba zai iya gini ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, ba a jingina shi da bango, ba a ɗora fiye da 10, kuma wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. In ka tura hannu ka ji ƙulalai masu tauri, danshi ya gama da shi. Rodi sanda ɗaya mita 12 ce, amma kada ka yarda da bakin mai kaya a kasuwar Dei-Dei, auna kaurin da kanka, domin sau da yawa abin da aka rubuta milimita 12 a rasit bai cika ba. Yashi kuwa, zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Lakar za ta kwanta a sama. In ta yi kauri, tifar ta koma inda ta fito. Bulo mai inci 9 na kirki, 30 zuwa 35 ake bugawa daga buhu ɗaya. Masu son kai suna kai shi 50, irin wanda ke marmashewa tun a hannun lebura.

Zaman ofis na ƙididdigar kaya ya zo ya wuce. Abin da na riƙe kawai shi ne bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango.

Daga nan sai fili, wurin fitar da zane a ƙasa. Turaku, katako, ƙusa da igiya. Kusurwa ana daidaita ta da awon 3, 4, 5: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5 cif. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, su zo daidai. Kuskuren yatsa biyu a nan ba ya ɓacewa, sai ranar da mai tayil ya zo ya tona asirin kowa.

A kankare ne maganar Kawu ta fara dawo mini. A takarda 1:2:4 ne, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A fili kuwa ba wanda ke jin wannan, kwanon sarki ake ji: buhu ɗaya kusan kwano 2 ne, saboda haka yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Rigimar kullum a kan ruwan take. Leburori na son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin zubawa, shi kuwa yawan ruwa kashe ƙarfin kankare yake yi. Ka juya baya ka amsa waya, an ƙara bokiti. Dekin mai kaurin milimita 150 a kan murabba'in mita 100 yana cin buhu 90 da wani abu, don haka ƙirga buhunan da aka zazzage, kada ka ƙirga waɗanda aka fitar daga sito. Kafin a zuba, bi rodi ɗaya bayan ɗaya da zane a hannu. A sa biskit, wato ɗan guntun kankare, a ƙarƙashin rodin ya ɗaga shi milimita 25 daga katako, in ba haka ba tsatsa ce za ta fasa kankaren daga ciki. A sa injin girgiza, don kada a cire katako a ga ramuka kamar saƙar zuma. A ɗebi samfur a akwatin milimita 150, a kai gwaji a kwana 7 da kwana 28. Ban ruwa aƙalla kwana 7, safe da yamma, balle lokacin hunturu da iska ke tsotse danshi.

Ɗan gidan Gwaggo da ya riƙa kirana injiniyan kwanon sarki a gaban jama'a ranar sunan Ummi, shi ne bara ya kira ni da tsakar dare, wai bangon gidansa na Kubwa ya tsage. Na je. Ba a bai wa lintarsa ruwa ko sau ɗaya ba. Ban tuna masa komai ba, amma ban manta ba.

Abin da har yau ke ci mini rai gora ce. Gorar da ke tokare da dekin ba a taɓa ta sai an yi kwana 21, haka aka koya mana. Manajan fili ya so ya kai ta gida na gaba don kada ya sayi sabuwa, ya sa kafintoci suka kwance a kwana na 9. Na ce, "Ranka ya daɗe, bai nuna ba." Ya amsa da dogon Turanci. Dekin falo ya lotsa, ya tsage ta ƙasa, kuma sunana aka rubuta a rahoto, aka ƙara mini wata 3 a horo. Simintin bai ji Turancinsa ba, amma ofis ya ji. Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke ƙarƙashina su riƙe littafin aikin yini: ranar zubi, yawan buhu, yanayin gari, wa ya ba da umarni, kuma ya sa hannu. In ya ƙi sa hannu, rubuta cewa ya ƙi.

Sanda takardar rajistata ta CORBON, hukumar rajistar magina ta ƙasa, ta fito, Kawu ya shekara biyu a ƙasa. Cokalin gininsa na wurina, Inna ce ta ba ni. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau rufi, da yadda guguwar farkon damina ta kwashe kwanon gida huɗu saboda ba a ɗaure katako da linta ba.