Huhu yana numfashi a kan tebur

A cikin huhun da ake samu daga mamatan da iyalansu suka yarda a yi kyauta da sassan jikinsu, kusan ɗaya bisa biyar ne kawai likitoci suka saba karɓa. Huhu ba shi da juriyar ƙoda. Mutum ya yi hatsari a hanyar Ɗa'if, ya shaƙi amai, ya yi kwanaki a kan injin numfashi, sai ruwa ya taru a huhunsa. Da can, in shakka ta shigo, barin huhun ake yi.

Aikina a Riyad shi ne kula da injin da ke ba huhu damar nuna kansa kafin a dasa shi. Likita Stig Steen na garin Lund a Suwidin ne ya fara ba da labarin irin wannan dashe a 2001, amma tsarin da muke bi na likitocin Toronto ne a Kanada, wanda suka bayyana sakamakonsa a 2011. Huhun yakan iso cikin ƙanƙara. Sai a ɗora shi ƙarƙashin murfi mai kama da gilashi, a ɗaura bututu a jijiyoyinsa, a riƙa zagaya masa da wani ruwa mai ɗauke da sunan Steen, ana ɗumama shi sannu a hankali. Idan zafi ya kai digiri 32 a kunna masa injin numfashi, a ci gaba har 37, zafin jikin mutum. Daga nan sai kallo, awa huɗu zuwa shida: huhu na kumbura yana sacewa, ba ƙirji, ba mai shi.

Babban abin da na koya shi ne kada lamba ɗaya ta ruɗe ni. Sabon shiga idonsa na kan iskar oksijin da huhun ya zuba a ruwan, don ita ce lambar da kowa ya haddace. Amma ruwan nan ba jini ba ne, kuma lambar tana iya yin kyau alhali huhun ya fara lalacewa. Abin dubawa shi ne inda abubuwa suka dosa daga awa zuwa awa. Huhun yana ƙara laushi ko tauri? Injin yana ƙara ƙarfi kafin iska ta shiga? Ni har ruwan da ke tankin injin nake sa wa ido, don in yana raguwa babu yoyo a ko'ina, huhun ne ke shanyewa, kuma ba da jimawa ba za a ga kumfa a bututun iska. Likitan tiyata kuma yakan cire bututun ya tsaya ya gani: huhu mai lafiya nan take yake sacewa, mai ciwo sai ya yi ta nawa. Mai sayen rago ma sai ya tashe shi ya ga tafiyarsa.

Abin da ba a koyarwa a aji yana bayan ƙofa. Yayin da muke kallon huhu, an riga an kira mara lafiya, wani lokaci daga Jidda ko Makka, ya bar ci da sha, danginsa sun cika baranda. In Hausawa ne ni ake nema, tunda na tashi da Hausar Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Wata dattijuwa da ciwon huhu ya ɗaure ɗanta a tukunyar oksijin ta riƙe hannun rigata bayan an ƙi huhun, ta ce, “Ɗana, ba an ce an samu ba?” Na ce, “Inna, an samu, an gwada shi a waje, bai yi ba. Da an sa masa, a jikinsa za a gane.” Ta yi salati, ta tambayi ko an cire sunansa daga layi. Na ce yana nan.

A ganina tsakar dare ba lokacin wannan bayani ba ne. Shi ya sa nake roƙon likitoci su kira ni tun ranar da ake rubuta sunan mutum, in gaya wa iyali da Hausa cewa ana iya kiransu, a gwada huhu, a ce su koma gida.