Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sukuwar Aintree

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin wucin gadi a wani shagon jaridu a Liverpool. To, ranar Asabar 14 ga Afrilun 2012 ce aka yi sukuwar Grand National a filin Aintree, nan bakin gari. Tun da safe kowa ya shigo shago zancen doki yake yi, har tsofaffin matan da ba su san linzami ba. Mai shagon ya ce in jefa fam ɗaya a caca, na ce addinina bai yarda ba, amma kallo kam da ni za a yi. Ɗan mai kula da dawakin hakimi ne ni, a barga na yi wayo.

Dawaki 40 aka saki, tafiyar sama da kilomita 7, da tsallake shinge 30. Da suka doso ƙarshe Sunnyhillboy ne a gaba, har an fara ihu, sai ga wani kili, Neptune Collonges, Daryl Jacob a kansa, yana cin ƙasa da kaɗan-kaɗan har suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa. Shago ya yi tsit. Sai da alƙalai suka duba hoto kafin aka ce kilin ya ci da hanci. Ba wasa ba ne, haka Turawa ke auna tazara: hanci, kai, wuya, sannan tsawon doki. A tarihin gasar ba a taɓa yin ta kusa haka ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Dawaki 15 kawai suka kai ƙarshe, biyu kuma suka karye aka kashe su, ciki har da Synchronised wanda ya ci kofin Cheltenham, wata babbar sukuwar Ingila, wata guda kafin nan.

Da dare na kira Baba na ba shi labari.

"Kai yaro, doki lafiyayye aka sa ya tsallake shinge talatin?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Saboda kuɗi?"

Ya yi salati, ya ce ko a hawan sallah bai taɓa barin a yi wa dokinsa zamiya fiye da ƙima ba. Daga nan ya sauya magana, ya ce an kawo masa zancen aurena. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.